Tsohuwar magena ta cika da ƙuma, wane magani zan sa mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da mage, shekarunta 14, a waje take wuni, a ɗakin ajiyar kaya take kwana. Kwanan nan ƙuma ta addabe ta, susa ba dare ba rana, gashin gindin wutsiyarta ya fara zubewa, kuma ta rame. Akwai ragowar maganin ɗigawa da muka saya wa karenmu. In ɗiga mata kaɗan? In bai dace ba, me zan yi mata tunda ta tsufa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Don Allah kada ki sa mata maganin karen nan, ko da ɗigo ɗaya ne. Da yawa daga cikin irin waɗannan magunguna na karnuka, kamar Advantix, suna ɗauke da sinadarin permethrin. Hantar kare tana iya narkar da shi ta fitar, ta mage ba ta iyawa, sai ya taru ya bugi jijiyoyinta. Cikin sa'o'i kaɗan za a ga kunnuwa da fatar baya suna rawa, miyau na dalala, tana tangaɗi, daga nan sai jijjiga, wani lokaci har mutuwa. Rage yawan maganin ba ya kawar da haɗarin. Ko karen kika ɗiga wa, ki raba su kwana uku, domin in ta goge shi ko ta lashe shi zai iya shafarta. In tsautsayi ya sa ya taɓa ta, ki wanke wurin da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke, ki garzaya da ita wurin likitan dabbobi, kada ki jira alamu su bayyana.

Ramar da kika ambata ta fi ƙumar damuna. Ƙuma jini take sha, kuma tsohuwar mage ba ta mayar da jini da sauri kamar yarinya. Ki ɗaga leɓenta na sama ki dubi dasashinta. In yana da ja-ja mai haske, da sauƙi. In ya koɗe ya yi fari-fari, jininta ya yi ƙasa, yau ya kamata likita ya gan ta. Ban da haka, a wannan shekarun ciwon ƙoda da ciwon maƙoƙo (thyroid) mai sa jiki ƙona abinci da sauri suna yawan rame mage, musamman in kin lura shan ruwanta da fitsarinta sun ƙaru. Sau da yawa ma ciwon gaɓoɓi ne ke hana ta lanƙwasawa ta lashe bayanta, shi ya sa ƙumar ke samun wurin zama a gindin wutsiya. A takardar yawancin magungunan an rubuta kada a sa wa dabba marar lafiya ko mai rauni sai da shawarar likita. Tsufa kaɗai ba ya hana magani, amma rashin lafiyar da ke ɓoye a bayan tsufan na iya hanawa.

Kafin ki sayi komai ki auna ta. Ki hau ma'auni riƙe da ita, ki sake hawa ke kaɗai, ki debe. Da nauyinta na yau ake aiki, ba wanda kika sani shekara uku baya ba. Misali Advantage na mage kala biyu ne, na ƙasa da kilo 4 da na kilo 4 zuwa sama.

In likita ya ce lafiyarta za ta ɗauka, ni na fi natsuwa da magungunan ɗigawa na wata-wata da aka daɗe ana amfani da su: imidacloprid, wato Advantage, ko selamectin da ake sayarwa da sunan Revolution ko Stronghold, ko fipronil na Frontline, duk da cewa a wasu wurare masu dabbobi na kukan ba ya ci kamar da. Selamectin yana da ƙarin amfani ga mai yawo a waje, yana kashe ƙwarin kunne da wasu tsutsotsin ciki. Akwai Bravecto mai kai mako 12, yana aiki sosai, sai dai a 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa dangin wannan magani kan jawo karkarwa ko jijjiga ga wasu dabbobi. Ga tsohuwa mai rama, na fi son abin da zai bar jikinta da wuri in bai karɓe ta ba. In ƙumar ta yi yawa, ƙwayar Capstar tana fara kashe su cikin kamar minti 30, amma ƙarfinta na kwana ɗaya ne, agajin gaggawa ce kawai. Ko wanne kika saya, ki tabbata an rubuta na mage ne a jikin kwalin.

Wurin ɗigawa shi ne ƙeya, daidai inda kai ya haɗu da wuya, inda harshenta ba ya kaiwa. Ki buɗa gashin da yatsu har ki ga fata, ki matse bututun a kan fatar. Ki tsare ta a ciki daren nan, ruwa kada ya taɓa ta kwana biyu, kina lura da cinta da tafiyarta. In ta ɗan lasa za ta yi dalalar miyau saboda ɗaci, wannan yakan wuce. Karkarwa ko amai mai maimaituwa kuwa sai likita.

Wanka ban ba ki shawara ba, firgici da sanyi sun fi amfaninsa yawa a jikin tsohuwa. Mataji mai ƙananan haƙora ya fi: ki taje ta a hankali kina tsoma shi cikin ruwan sabulu. Baƙin gari-garin da ke fitowa, in kika zuba shi kan farar takarda mai laima ya koma ja, kashin ƙuma ne. Kananzir, baƙin mai, maganin feshin sauro ko na gona, tafarnuwa da mayukan ƙamshi na tsirrai, dukkansu guba ne gare ta, domin duk abin da ya hau gashin mage cikinta zai ƙare.

Sai ɗakin ajiyar nan. Ƙumar da kike gani a jikinta kusan kashi 5 ne cikin 100, sauran ƙwai ne da tsutsotsi a inda take kwana. Ƙuma mace ɗaya tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, suna zubowa daga gashin duk inda magen ta kwanta, kuma wadda ta naɗe cikin kwansonta tana iya jira watanni kafin ta fito. Ki wanke tsummokaran shimfiɗarta da ruwan zafi duk mako ki shanya a rana, wanda ya lalace ki jefar, ki share lunguna da ƙarƙashin kaya. Karen ma a yi masa nasa a lokaci guda. Ki ci gaba da maganin aƙalla wata uku a jere ko da susar ta tsaya, kuma tunda tana cuɗanya da magunan waje, zai fi kyau kada a yanke.

Ki riƙa duba ƙarƙashin wutsiyarta. In kin ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa, tsila ce, ta hanyar haɗiye ƙuma take samunta. Maganinta praziquantel, shi ma gwargwadon nauyi, ki tambayi likitan ranar da kika kai ta.