Amsa: Kai ɗalibai Baturiya kallon tsuntsaye

Malam, ka tambayi yadda za ka kai ɗalibanka dausayin Baturiya ba tare da an yi ɓarna ba. Ni ɗan Kirikasamma ne, ƙaramar hukumar da Baturiya take ciki a jihar Jigawa. Ku zo da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, lokacin tsuntsayen Turai sun sauka. Ku fara gaida mai gari, ya haɗa ku da ɗan jagora, ku sallame shi da kyau. Don Allah yara su bar danƙo a gida, a kashe lasifika. Tsuntsun da ya keto Sahara hutu yake nema. Ledar fiya wata kuwa ku koma da abarku. Bara akuyar maƙwabcina ta daina cin abinci, da aka yanka, tumbinta cunkus da leda. Kada a hura wuta, ciyawa ta bushe ƙayau.