Za A Iya Kiwon Rendiya A Zariya?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Na ga bidiyon wasu mutanen arewacin Rasha suna kiwon wata dabba mai ƙaho kamar rassan bishiya, har tana ja musu kaya a kan ƙanƙara. Barewa ce? Da za a kawo ta nan, ba za ta rayu ba, tunda mu ma muna da sanyin hunturu? Daga wani mai kiwo a Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ba barewa ba ce. A Turai da Asiya sunanta rendiya, a Kanada da Alaska kuma karibu, amma dabba ɗaya ce. Barewa dangin akuya da saniya ce, ƙahonta ba ya faɗuwa, tana ɗauke da shi har ta mutu. Na rendiya kuwa ƙashi ne zalla, yana faɗuwa kowace shekara, sabo ya tsiro lulluɓe da fata mai laushi. A danginta ita kaɗai ce macen ma ke yin ƙaho. Manyan maza suna zubar da nasu bayan barbara, wajen Nuwamba ko Disamba, mai ciki kuwa tana riƙe nata har lokacin haihuwa, da shi take korar wasu daga ramin abincin da ta tona.

Batun kawo ta nan, gaskiya ban ba da shawara ba, don zai zama azabtar da dabba. Sanyin da ke sa mu jin wuta da asuba a Janairu, wajen digiri 13 ne. Ita tana kiwo hankali kwance a digiri 40 ƙasa da sifili. Gashinta hawa biyu ne, na saman kowane sili da rami a ciki mai riƙe iska, kamar ta yafa bargon da ba ya cirewa. Ka ƙiyasta ta da wannan a rana tsaka cikin Afrilun Zariya.

Sai abinci. Tana tuƙa kamar saniya, amma da sanyi abin da ta dogara da shi wani tsiro ne mai kama da gansakuka, ɗan'uwan dabbare-dabbaren nan da ke manne a jikin duwatsu irin na Kufena. Da hanci take gano shi a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ta tono da kofato. Kofaton ma yana bin yanayi: da ɗumi tafinsa ya yi taushi don taka laka, da sanyi ya tsuke, gefen ya fito da kaifi don kada ta zame. Abin da ya fi ba ni mamaki idonta ne. Wani shafi da ke can bayan idon ruwan zinariya ne a watannin haske, sai ya koma shuɗi idan dogon duhun hunturunsu ya shigo.

Waɗanda ka gani mai yiwuwa 'yan ƙabilar Nenet ne na yankin Yamal a arewacin Rasha. Rayuwarsu za ta tuna maka da Fulaninmu: a naɗe bukka, a ɗora kaya, a bi garke inda ciyawa take. Haka 'yan ƙabilar Sami suke kiwonta a Nowe da Suwidin da Finlan. Nononta kaɗan ne, amma maiƙonsa ya kai wajen kashi 20 cikin 100, na saniya kuwa bai fi 4 ko 5 ba, shi ya sa ɗanta ke saurin yin ƙarfin bin garke.