Shinge, shamaki da takunkumi: kowanne da wurinsa

Wani direban motar haya da ke jigila tsakanin Yamai da Tawa ya aiko da tambaya: "Malam, wurin da jandarma ke tsayar da mu, wasu na cewa shinge, wasu shamaki, mu kuma a tasha bariyar muke cewa. Wanne ne daidai?"

Malam direba, shinge ne daidai. Bariyar aro ce daga Faransanci, ba laifi ba ne a faɗe ta a tasha, amma a rubutu ka ce shingen bincike.

Asalin shinge na gona ne. Ana saro rassan ƙaya, na magarya ko aduwa ko bagaruwa, a jera su kewaye da shuka, gindin reshe ta ciki, ƙayar na fuskantar waje, a danne da itace don kada iska ta kwashe. Masu lambun albasa a Ader, yankin Tawa, sun san inda yake cin amana: ƙasan shingen. Gara ta ci, ƙayar ta bushe ta zube, akuya kuma ta ƙasa take kutsawa. Shi ya sa ake ƙara sabuwar ƙaya kowane rani. Idan da kara aka yi, sunansa darni ko danga. Idan da ƙasa aka gina, katanga ce. Jam'in shinge shi ne shingaye. Igiya ko ganga ko sandar ƙarfe da ake gittawa a titi ta gaji sunan ne saboda aikinsu ɗaya: ba ka wucewa sai an buɗe maka.

Shamaki kuwa daga fada ya fito. Wurin da ake ɗaure dawakin sarki ne, kuma akwai sarautar Shamaki, mai kula da su. Yau an fi jin kalmar a abin da ba a gani da ido: "ba shamaki tsakaninsu", "yana shiga gidan ba shamaki". Wanda ya ce jandarma sun kafa shamaki a Birnin Ƙonni za a gane shi, amma kunnen Bahaushe zai ɗan yi tuntuɓe.

Wata ɗaliba daga Yamai ta haɗa da tambayar takunkumi, wanda aka yi ta ji bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa Nijar shi har zuwa Fabrairun 2024. Ƴata, takunkumi abin da ake ɗaura wa dabba ne a baki don kada ta ci shuka ko ta yi cizo. Saboda haka ana sa shi, ana ƙaƙaba shi, ana cire shi. Ba a kafa shi kamar shinge. Iyaka kuma rufe ta ake yi.

Karin maganar da ta tambaya, "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga", ba a kan gini take ba. Ana faɗar ta idan ƴan gida ɗaya sun ɓata har bare ya samu bakin magana a tsakaninsu.