Hannun da Picasso ya goge a zanen Guernica

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin kammala karatuna a kan zane-zanen gwajin da mai zane Picasso ya yi kafin Guernica, babban zanensa a kan harin bam da aka kai wa garin Guernica na Sifen. A na ranar 9 ga Mayu 1937 akwai hannaye a ɗage, an dunƙule su, amma babu su a babban zanen. Wani ya ce min tsoro ne ya sa ya goge su, wai kuma fitilar nan mai siffar ido da ke cikin zanen tambarin ƙungiyar asiri ce. Hankalina ya tashi, kada in rubuta shirme.

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki. Dunƙulen hannu gaisuwar 'yan Jamhuriya ce a yaƙin basasar Sifen. Maganar tsoro ba ta taso ba: gwamnatinsu ce ta ba shi aikin don baje kolin Paris, kuma tun Janairun shekarar ya fara zanen izgili ga Franco, janar ɗin da ke yaƙar Jamhuriyar. A hotunan da mai ɗaukar hoto Dora Maar ta ɗauka yayin da ake babban zanen, hannun mayaƙin da ke kwance yana miƙe a tsakiya, daga baya ya riƙe zangarniya a gaban rana, sannan ya ɓace. A ganina hannun albishir ɗin nasara yake yi, alhali garin da jiragen Jamus da Italiya suka ragargaza ranar 26 ga Afrilu makoki yake.

Batun ido kuwa, wallahi na gaji da shi. Kullum sai an turo min bidiyon wani da ya zagaye fitilar da jan layi yana rantsuwa. Hoton ranar nan ce ta bayan zangarniya aka yi ta matsewa har ta koma ido, aka sa mata ƙwan lantarki, kuma hotunan suna nan. Asalin cutar ita ce ɗaukar zanen gwaji kamar littafin fassarar mafarki, kowace dabba da ma'anarta guda. To, a 1945 Picasso ya ce bijimin da ke cikin zanen zalunci ne da duhu, dokin kuma jama'a. Marubuci Juan Larrea ya juya su, ya ce dokin ne 'yan Franco. Da aka koma wa mai zanen, sai ya ce bijimi bijimi ne, doki doki ne. Mai abu bai yanke hukunci ba, sai ɗan bidiyo?

Jera zanukan bisa kwanan watan da ya rubuta a jikinsu, daga 1 ga Mayu, ki bi abin da ya shigo da abin da ya fita. Akwai ɗan doki mai fukafuki da ke fitowa daga raunin dokin a ranar farko. Nemo inda ya ɓace, ki fara babinki daga nan.