Amsa: Duba tazarar bawul na V-Strom 650 a gida

Ɗan'uwa, ka ce babur ɗinka Suzuki V-Strom 650 ya kusa kilomita 24,000, littafin kamfani ya ce a duba tazarar bawul (ɗan gibin da ke tsakanin bawul da kamshaf, sandar da ke danna shi ya buɗe), amma injin shiru yake, kana tambaya ko akwai buƙata, kuma ko za ka iya da kanka. Na daɗe ina yi wa baburana wannan aiki. Za ka iya, kuma kada shirun nan ya ruɗe ka.

Bawul ɗin da tazararsa ta yi yawa shi ke yin kas-kas, ya dami kunne, amma ba kasafai yake yin ɓarna ba. Wanda ya matse kuwa ba ka jin komai. A injin da ke da shim (ɗan faifan ƙarfe da kaurinsa ke saita tazarar) irin naka, tazarar yawanci raguwa take yi, domin bakin bawul da mazauninsa suna cin juna a hankali. In ta ƙare, bawul ba ya zama daram a mazauninsa, alhali ta nan yake sauke mafi yawan zafinsa. Bawul na fitar da hayaƙi ne ke fara ƙonewa. Kafin a kai nan, za ka ga babur yana wuyar tashi, yana mutuwa a silo, ƙarfi ya ragu.

Aikin kashi biyu ne: awo da gyara. Awo kowane mai haƙuri zai iya. Abin da ke cin lokaci shi ne isa wurin: robobi, tanki, akwatin iska, sannan a sassauta lagireto a ture shi gaba don murfin silindar gaba ya fita. Ɗauki hoton kowace waya da tiyo kafin ka cire. Wanke saman injin tas tun kafin ka buɗe, musamman ramin filogi, don babur mai shiga ƙura yana tara yashi a nan.

Bari injin ya kwana bai tashi ba, ya yi sanyi ƙalau. Awon inji mai ɗumi aikin banza ne.

Cire filogi don injin ya juya da sauƙi. Ta murfin hagu za ka juya karanshaf da sifana, ta inda injin ya saba juyawa, kana leƙa ƙaramin ramin dubawa. Alamar F|T ta silindar gaba ce, R|T ta baya. Sai dai fistin yana hawa sama sau biyu a kowane zagayen aiki, don haka alamar kaɗai ba ta isa ba. Dubi kamshaf ɗin da idonka: ƙusoshinsa, wato tudun da ke jikinsa, su kau da kai daga kofunan ƙarfen da ke kife a kan bawul, ba suna danna su ba. In suna dannawa, ƙara juyi guda cikakke.

Ma'aunin Suzuki shi ne milimita 0.10 zuwa 0.20 ga bawul na shigar da iska, 0.20 zuwa 0.30 ga na hayaƙi. Yawancin fila geji, wato siraran ƙarafan da ake zurawa a auna tazarar, suna ɗauke da lambobin inci da na milimita a kan ruwa ɗaya, ka tabbatar wanne kake karantawa. Mutane na yawan cewa sai ka ji ruwan yana ɗan ja, amma hannun sabon shiga bai san wannan jan ba. Ni abin da nake ba da shawara shi ne: a na hayaƙi misali, sa 0.20, in ya shige sa 0.23, ka yi ta hawa har wanda ya ƙi shiga. Tazararka tana tsakanin na ƙarshen da ya shiga da wanda ya ƙi. Kada ka tura da ƙarfi, ruwa mai kauri yana iya danne sifirin ya yi maka ƙarya. Bawul takwas ne. Zana su a takarda, ka rubuta lambar kowanne. Takardar nan ka adana ta, ita za ta nuna maka yadda suke tafiya a awo na gaba.

Sau da yawa duk suna cikin ma'auni, sai ka rufe kawai. Amma in na hayaƙi ya tsaya a 0.20 cif, ni ba na barinsa ya ƙara wasu kilomita 24,000 a haka.

Gyara kuwa sai an cire kamshaf, domin shim ɗin yana ƙarƙashin kofi. Masu baburan DR650 da tsofaffin BMW GS sun huta, nasu noti da sukuru ne. Lissafin ba wuya: ka samu 0.18, shim ɗin da ke ciki 1.75 ne, sa 1.70 ka koma 0.23. Faɗin shim ɗin milimita 7.48 ne, kuma ka auna kaurinsa da maikuromita (ma'aunin kauri), don lambar da ke jiki tana gogewa. Toshe ramin sarkar taimin da tsumma mai tsabta; shim ɗaya ya faɗa ciki, aikin yini ya zama na mako. Yi wa sarka da haƙoran kamshaf alama da fenti, ka gama silinda ɗaya kafin ka taɓa ɗayar. Notunan marikin kamshaf a cikin alminiyam suke, ɗaurinsu Nm 10 ne kacal, don haka in ba ka da sifanar awon ɗauri, tsaya a awo ka kai wa bakanike takardarka. Bayan haɗawa, juya injin da hannu zagaye biyu, ka sake duba alamomi da tazara kafin ka taɓa sitata.

In ka auna, turo lambobin takwas ɗin nan mu duba tare kafin ka sayi shim.