Tambaya da Amsa: Wane Littafi Mai Tsarki zan sa wa ɗiyata a kayan ɗaki?

Tambaya: Baba, ɗiyata za ta yi aure bayan damina, ina so in sa mata Littafi Mai Tsarki cikin kayan ɗakinta. Na ga iri biyu a Yamai. Ɗaya mai araha ne, ɗayan bangonsa kamar fata, bakin takardunsa da ruwan zinariya, kuɗinsa ya kusa ninka na farkon sau uku. Maigidana ya ce ƙawa ce kawai, Maganar Allah ɗaya ce. Ni kuwa raina na kan mai kyan. Daga wata uwa, Tawa.

Amsa: Ɗiyata, maigidanki bai yi ƙarya ba, amma ni a gefenki nake. Littafin da yarinya za ta riƙa ɗauka safe da dare ya cancanci a yi shi da kyau. Sai dai kada ruwan zinariyar ya ɗauke miki ido.

Ki buɗe shi ta tsakiya, wajen Zabura, ki ɗora a tafin hannu. In ya kwanta da kansa, kika kuma hangi zare a tsagin, ɗinka shi aka yi, ki riƙe shi. In yana ta neman rufewa, mannawa ce kawai, kuma zafin Tawa na watan Afrilu ba ya raga wa manni. Na taɓa sayen irinsa, bango kamar na sarki. Shekara biyu bai cika ba, ina tsaye ina karatu a majami'a sai littafin Ishaya ya fara zubo mini a ƙafa, takarda bayan takarda. Na mahaifina kuwa, fassarar 1932, wato cikakken Littafi Mai Tsarki na farko da Hausa, gefensa ya yi baƙi da gumin hannu, amma ko shafi ɗaya bai fita ba.

Sannan ki ɗaga shafi guda ga haske. Takardar siririya ce, dole rubutun baya ya ɗan bayyana. A aikin gwanaye, layin baya kan layin gaba yake faɗawa daidai, tsakani ya kasance fari tas. Ki duba ko ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ na fitowa sarai, don wata rana da tocila za ta karanta in an ɗauke wuta. Ki kuma tambayi fasto fassarar da ikilisiyar angon ke karantawa.

Bango kuwa, arzikinsa na gida. Fatar jar akuyar Maradi da Sakkwato ita ce masu ɗaure littattafai a Ingila ke nema, har "Niger" suke kiranta da Turanci. In mai ɗinkin shi ne mai arahar, ki saye shi, ki kai wa baduku a kasuwar Tawa ya auna, ya yi masa gafaka mai marfi saboda ƙurar hunturu. Ki ja wa amarya kunne kada ta jingina shi da bangon ƙasa, gara ba ta jin kunya.