Tsakanin "shafa" da "shafe" a maganar shafa wa marar lafiya mai

Wata mai karatu daga Kaduna ta tambaya ko daidai ne a ce Fada, wato limamin cocin Katolika, ya "shafe" marar lafiya da mai, alhali ta san "shafe" da ma'anar gogewa, kamar yadda ake cewa ambaliya ta shafe gari. Ta ƙara da cewa danginta na jin tsoron kiran Fada, domin a ganinsu zuwansa sallama ce da duniya.

Tushen kalmomin ɗaya ne, wasalin ƙarshe ne ke sauya ma'ana. "Shafa" ita ce ɗora hannu a ja shi a hankali, kamar shafar kai a alwala, ita kuwa "shafe" tana nuna aikin ya game abin baki ɗaya, shi ya sa ake shafe ɗaki da farar ƙasa, ake kuma shafe rubutu daga allo. A harshen coci "shafe da mai" ta daɗe da ɗaukar ma'anar keɓewa ga Allah, daga nan aka sami "shafaffe", wadda ita ce ma'anar Almasihu. Saboda haka ba kuskure ba ne, amma a wannan ibada na fi son "shafa wa marar lafiya mai", domin abin da ido ke gani ke nan: Fada yana taɓa man zaitun da bishop ya tsarkake, ya shafa a goshi da hannuwa yana addu'a, bisa umarnin da ke wasiƙar Yakubu 5:14-15.

Tsoron dangin nata kuwa yana da asali. An daɗe ana kiran wannan sakramenti, wato ibada mai tsarki ta coci, "shafawar ƙarshe", har Majalisar Batikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, ta bayyana a 1963 cewa ba na masu gargarar mutuwa kaɗai ba ne, sannan Fafaroma Paul na Shida ya fitar da sabon tsarinsa a 1972. Yanzu wanda ciwo ya tsananta masa, da tsohon da ƙarfi ya ƙare masa, da mai shirin babbar tiyata, duk suna iya karɓa. Wanda kuma yake da sauran shan ruwa a gaba, ya warke sannan ya sake kwantawa, ana iya sake shafa masa.